Ranar Da Na Hau Jirgin Da Iska Ke Tuƙawa A Ikko

Jama'a, ni mutumin tudu ne. A garinmu ruwan da ya fi kowane girma shi ne kududdufin bayan ganuwa, shi ma tun muna yara iyaye suka haramta mana kusantarsa. Saboda haka har furfura ta fito mini ban koyi iyo ba. To, da wannan hali na sauka Ikko wajen wani tsohon abokina da muka yi makaranta tare, shi kuwa ya ce babbar karar da zai yi mini ita ce ya kai ni Tarkwa Bay cikin ɗan jirgin ruwan da suka haɗa kuɗi suka saya da wani amininsa Bayarabe. Na so in ƙi, kunya ta hana ni.

Ranar Asabar da hantsi muka isa bakin ruwa kusa da Onikan. Jirgin bai fi tsawon ƙaramar motar safa ba. A tsakiyarsa akwai dogon ginshiƙi, an ɗaura masa wani makeken farin ƙyalle, ƙasan ƙyallen kuma yana ɗaure da wata sanda a kwance. Kafin in sa ƙafa sai aminin nan ya ɗaura mini rigar da ke hana mutum nutsewa, ya ce, "Alhaji, doka biyu ce kurum. Kullum hannunka ɗaya ya kama jirgi, in kuwa na ce a sunkuya, to, ka sunkuya, don sandar nan ba ta san babba ba." Na ce na ji. Baƙo ai ko da ido makaho ne.

Muka fita da ɗan inji, sa'an nan aka kashe shi, aka ja igiya, ƙyalle ya cika da iska. Nan take jirgi ya karkace gefe guda, har na ga ruwa yana neman taɓa bakinsa. Kai! Ban san lokacin da na rungume ginshiƙi ina salati ba. Na tuna iyalina, na tuna bashin da ban biya ba. Abokina bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Ya zaunar da ni ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka. A ƙarƙashinmu akwai wani ƙarfe mai nauyin gaske da ya nutsa cikin ruwa. Duk yadda iska ta kwantar da jirgin, nauyin nan yana jawo shi ya miƙe. Karkatar nan ita ce tafiyarsa."

Sai ya danƙa mini wata igiya, ya ce in saki in ya ce saki, in ja in ya ce ja. A nan na ga abin mamaki. Iska daga kudu maso yamma take busowa, watau daga wajen teku, mu kuma can muka nufa. Jirgi irin wannan ba ya iya tunkarar iska kai tsaye, sai dai ya ratsa ta a kaikaice, ya nufi wannan gaɓa, ya juyo ya nufi waccan, kamar yadda jaki mai kaya ke hawan tudu. Kowace juyawa sai a ce a sunkuya, sanda ta wuce ta kanmu fuu, ni kuma in saki igiya in jawo ta ɗaya gefen. Tun ina yi hannu na rawa har na fara jiran umurni da ɗoki.

Da hankalina ya komo sai na soma ganin gari. Ga dogayen benayen Victoria Island a hagunmu, ga tashar Apapa can baya da injunanta na ɗaga kaya. Wani katafaren jirgin kwantena ya doso mu, muka ba shi hanya tun daga nesa, domin shi ba ya iya kaucewa daga mashigin da aka haƙa masa. Igiyar ruwan da ya bari ta ɗaga mu ta sauke, ban saki igiyata ba. Gaba kaɗan muka hango dogayen katangun duwatsu da Turawa suka jera cikin teku, da duwatsun da aka riƙa kawowa a jirgin ƙasa daga Abeokuta. Su suka hana rairayi toshe bakin mashigin, har manyan jirage suka fara shigowa Ikko a 1914. Su ne kuma suka kare Tarkwa Bay daga haukan teku, shi ya sa ruwanta ke kwance lumui.

A can muka jefa anga, muka yi sallar azahar bisa rairayi, muka ci gasasshen kifi da soyayyar ayaba. A komowa iska tana bayanmu, jirgi ya miƙe sambai ba karkata, har abokina ya bar mini sandar tuƙi na ɗan lokaci.

Ba zan ruɗe ku in ce na zama sarkin ruwa ba, har yau ban iya iyo ba. Amma na lura tsorona ya fi ƙarfi lokacin da nake zaune hannu sake, ban san dalilin kome ba. Don haka wanda duk aka gayyata irin wannan tafiya, ya sa rigar nan, ya tambayi abin da bai gane ba, ya roƙi a ba shi igiya ya riƙe. In an ce a sunkuya kuwa, kada ya tsaya neman hularsa. Tawa tana can cikin ruwan Ikko.