Gangara: Muryoyin da ke kwance cikin adaka

Wanda ya ce zai je Gangara, ba mamaki a tambaye shi wacce, domin akwai Gangara ta ƙasar Tanut a arewacin Damagaram, akwai kuma ta jahar Maradi, wadda ita ce abin magana a yau. Matafiyi daga Maradi zai bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, ya wuce Agye, in ya kusa Gazawa ya karkata kudu wajen iyakar Najeriya. Da can ƙaramar hukumar Gangara tana cikin gundumar Agye, amma tun shekarar 2011, da Gazawa ta zama gunduma mai cin gashin kanta, sai ta koma ƙarƙashinta.

Ƙasa ce ta jigawa, ta gero da dawa da wake da gyaɗa, da itatuwan gawo tsaye a tsakiyar gonaki. Ƙasa ce kuma ta matafiya. Da an kai amfani rumbu, samari kan fita cin rani, wasu Katsina da Kano, wasu Legas, wasu har Libiya. A shekarun 1980 da 1990, kafin salula ta iso karkara, wanda ya yi nisa kuma bai iya rubutu ba yana da dabara. Sai ya sayi kaset, ya zauna gaban rakoda, ya gai da mahaifi da mahaifiya, ya ambaci ƙanne ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi abin da ya aiko da wanda za a ba, sannan ya danƙa wa direba ko wani mai komawa gida. A gida kuwa a taru da dare a saurara, a juya kaset ɗin a ɗauki amsa.

Da yawa daga cikin waɗannan saƙonni an bi ta kansu da waƙar Shata ko wa'azi. Waɗanda suka tsira suna nan kwance cikin adaka, ƙarƙashin tsofaffin zannuwa, tare da hoton alhaji ranar da ya sauka daga Makka, da hoton ɗan lakkwal da ya ci jarrabawa, da kaset ɗin bidiyo na ɗaurin aure ko na suna, a gidajen da suka samu halin ɗauko mai kyamara daga birni.

To, abin da masu adaka ba su cika lura da shi ba, shi ne kaset yana tsufa kamar mai shi. Zare ne na roba da aka shafa wa garin ƙarfe mai maganaɗisu. Zafin bazara yana lanƙwasa shi, laimar damina tana sa shi mannewa, ƙurar hunturu tana karce shi. Ko zaren bai lalace ba, na'urar kunna shi na ƙarewa. Kamfanin Philips ya fito da kaset na sauti a 1963, JVC ya fito da na bidiyo, wato VHS, a 1976, kuma a 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe, ya daina ƙera akwatin kunna shi. A 2019 hukumar UNESCO ta yi gargaɗi cewa abin da ba a kwashe daga kaset ba yana iya salwanta cikin ƴan shekaru saboda rashin na'urori.

Saboda haka ne wasu ƴan kasuwa da ma'aikata kan kwashi kayan adaka su kai wa masu kwamfuta a manyan garuruwa, a juye su kan faifai. Aikin ba ya son gaggawa, domin kaset na minti 90 sai ya yi minti 90 yana juyawa. Faifan CD yana ɗaukar sauti na kusan minti 80, ko ɗaruruwan hotuna. Na DVD kuwa yana ɗaukar bidiyo na kimanin awa 2.

Mutanen wannan yanki ba baƙin faifai ba ne, domin finafinan Kano sun riga sun gabatar da shi. Sana'ar ta soma da kaset a 1990 da fim ɗin Turmin Danya, ta koma kan faifai a shekarun 2000, ƴan kasuwa suna saro shi daga Ƙofar Wambai suna ƙetaro iyaka da shi. Daga baya salula da ɗan katin ajiyarta suka karya wannan kasuwa. A nan akwai darasi: faifai ma ba ya dawwama. Wanda aka juye a kanti, rubutunsa a kan wani siririn rini yake, rana tana cin sa, yashi yana karce shi, kuma sababbin kwamfutoci da yawa ba su da ƙofar sa shi.

Ke nan, karɓo faifai rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne amfani da shi. Na farko, a kunna shi tun dattawa suna raye. Ranar Salla, in ƴan cin rani da ma'aikata sun zo gida, a haɗa akwatin talabijin da batir ko da wutar hasken rana, a shimfiɗa tabarma, a zaunar da kaka a gaba. Ita ce za ta ce wancan mai rawani wane ne, wannan murya ta wance ce, bikin kuwa shekarar da aka yi fari ne. A samu yaro mai littafi ya rubuta sunaye da dangantaka da shekara. Fuskar da ba a san mai ita ba, bayan tsara ɗaya ta zama ta baƙo.

Na biyu, kada a dogara da faifai guda. A yi uku: ɗaya a gida, ɗaya wajen ɗan'uwa a Maradi ko Yamai, ɗaya a cikin katin salula ko kwamfuta, kuma a riƙa sabunta su bayan ƴan shekaru. A riƙe faifai ta gefe, a mai da shi kwalinsa, a nisanta shi da rana, kada a bar shi gaban mota. Tsohon kaset da hoton takarda kuwa kada a yar, domin in juyin farko bai yi kyau ba, gare su za a koma.

Na uku, a tuna amana. Cikin kaset ɗin saƙo akwai maganar bashi, da aron gona, da wasiyyar uba ga ƴaƴansa. Irin wannan na iya tunatar da shaidu ranar rabon gado, yana kuma iya tada tsohuwar husuma. Cikin bidiyon biki akwai matan aure da ba su ɗauka wani na waje zai gan su ba. Abin da ya shiga salula ya fita hannun mai shi, magana kuwa zarar bunu ce. Sai a shawarci manyan gida kafin a raba.

A Yamai akwai cibiyoyi irin su CELHTO, wadda aka kafa a 1968, da IRSH, da suka tattara muryoyin maroƙa da masana tarihi. Amma ba su iya bin kowace adaka ta Gangara. Tarihin sarakuna yana da masu tsaronsa. Muryar tsohuwa tana sa wa ɗanta albarka daga nesa ba ta da mai tsaro sai jikokinta. Da tsohuwar zuma ake magani, in ba a bari ta zube ba. Allah ya jiƙan magabata, ya ba na baya ikon riƙe abin da aka bar musu.