Yadda Baba ya koyi riƙe fitsari da agogo

1/ Juma'ar da ta wuce Baba ya yi sallah a sahun farko, karon farko cikin kusan shekara biyu. Da izininsa nake ba da wannan labari, ko zai amfani wani. Ku yi haƙuri da tsawonsa.

2/ Ina aji biyu a jami'a aka ce yana da kansar mafitsara. Ya daɗe yana ganin jini a fitsari, yana cewa ai tsargiyar yarinta ce, ta wankan kududdufi. Likita ya ce tsargiyar da aka bari ba magani tana iya jawo wannan kansar bayan shekaru.

3/ Aka ce sai an cire mafitsarar gaba ɗaya. Na ce, "Likita, to fitsarin ina zai je?" Sai ya juya takarda ya zana mana hanya uku.

4/ Ta farko: a yanko guntun ƙaramin hanji, a haɗa da jijiyoyin da ke sauko da fitsari daga ƙoda, a fito da bakinsa ta fatar ciki, fitsari ya riƙa zuba cikin jaka. Baba ya girgiza kai kawai.

5/ Ta biyu ana ce mata Mainz II, sunan wani gari a Jamus. Ana juya fitsarin zuwa ƙarshen babban hanji, dubura ce ke riƙewa. Ba jaka, amma fitsari da bayan gida hanyarsu ɗaya.

6/ Ta uku ita aka yi masa: sabuwar mafitsara daga hanjinsa, salon Studer, wani likitan Suwizalan. Ana ɗaukar hanji wajen santimita 55, a tsaga mafi yawansa, a ɗinke kamar ƙwallo, a haɗa da hanyar fitsari. Tsagawar ce ke hana shi matsewa irin ta hanji, don kada matsin ya cutar da ƙoda. Sai mai lafiyayyar ƙoda, wanda kansar ba ta kai hanyar fitsarinsa ba, ake yi wa.

7/ Mun ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara. Sabuwar mafitsara ba ta gaya maka ta cika. Duk awa biyu, dare da rana, sai ya zauna, ya saki jiki, ya yi nishi da ciki. Ga majina a fitsarin, don hanjin bai san an canja masa aiki ba.

8/ Ni ke saita ƙararrawa a wayata lokacin hutu. Wani dare na makara. Ƙarfe uku na same shi a tsakar gida yana wanke zanin gado da kansa, don kada Umma ta gani. Ya ce, "Koma ka kwanta." Wallahi ban sake barci ba.

9/ Ya daina zuwa masallaci. Malamin unguwarmu ya gaya masa mai lalurar yoyon fitsari yana da sassauci a alwala. Ya sani fa. Kunya ce ta zaunar da shi.

10/ Abin da ya taimaka shi ne atisayen Kegel: ka matse tsokar ƙasa kamar mai riƙe tusa, ka ƙirga goma, ka saki, sau da yawa kullum. A hankali awa biyu ta koma uku, ta koma huɗu. Rana ta fara gyaruwa, dare ya fi wuya.

11/ Da hakan bai yi ba, akwai wata tiyatar: zobe da ake sawa kewaye da hanyar fitsari, da ɗan famfo cikin jakar maraina da mutum zai latsa ya buɗe. Alhamdulillahi ba mu kai can ba.

12/ Har yanzu yana sa ƙunzugu da dare, ana kuma duba jininsa, don hanji na mayar da wasu sinadaran fitsari cikin jini.

13/ Roƙona ɗaya: jini a fitsari ba alamar balaga ba ce, kamar yadda aka gaya wa Baba yana yaro. Tsargiya tana da magani, praziquantel. In ƙaninka ko babanka ya ce ya gani, kai shi asibiti cikin satin nan. Ku sa Baba a addu'a.