Wane Irin Littafi Ya Dace da Yaranmu na Kurmi?

Mu da muke zaune a Legas da iyalanmu mun san halin da ake ciki: yaro yana jin Hausa a gida, a makaranta Turanci, a layi kuma Yarabanci da burokin. Idan ka miƙa masa takardar Hausa sai ya tsaya yana kallonka. Ni dai a nawa ganin, maganin wannan shi ne littafi, amma fa ba kowane littafi ba.

Da yawa daga cikinmu da an ce littafin yara sai mu ce Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a Zariya a 1937. Littafi ne babba, ba musu. To amma Hausarsa cike take da karin magana da kalmomin fada, yaron da ya tashi a Agege kuwa bai san bafade ba balle waziri. Idan da shi ka fara masa, shafi biyu zai yi ya ajiye. Shi ya sa a da sai ɗalibi ya bi ta kan Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu tukuna. Karatu hawa-hawa ne.

Littafin mai koyo yana son jimloli gajeru, da baƙaƙe manya, a kuma fito da ƙ da ɗ da ɓ sosai, don yaro ya bambanta kafa da ƙafa. Yana son maimaici irin na tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, domin kalmar da yaro ya gamu da ita sau biyar ta zama tasa. Hoto ma ya taimaki labarin, yadda in kalma ta gagare shi zai duba ya gane.

Sannan yaro ya ga irin rayuwarsa a ciki. Chinua Achebe ya rubuta Chike and the River a 1966, labarin yaron da ke Onitsha yana burin tsallaka kogin Kwara zuwa Asaba. Me zai hana marubutanmu su ba mu labarin yaron Sabo a Ibadan da zai je ganin kakarsa a Katsina?

Abin da ya fi duk wannan kuwa, Imam ɗin ne dai ya koya mana shi. A littafi na ɗaya, aku ya riƙe Musa ɗan sarki da labari kullum dare har gari ya waye bai fita ba. Littafin da bai iya riƙe yaro haka ba, ko wa'azi nawa ne a cikinsa, ba zai mai da shi makaranci ba.

Don haka iyaye, kafin ku saya, ku bar yaron ya karanta shafin farko da kansa. In ya juya zuwa na biyu ba wanda ya sa shi, ku biya kuɗin. Allah Ya raya mana su.