Haila Mai Rikici: Bayan Fatawa, Sai Asibiti

Cikin tambayoyin da ake aiko mana bayan sallar Magariba, babu wadda ta kai ta haila yawa. Maigida zai ja mu gefe ya ce iyalinsa ta yi wata uku ba ta ga jini ba, kuma ba ciki. Wani ya ce ya zo ya ƙi ɗaukewa, yaya sallarta? Mukan amsa da abin da muka karanta: a Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya haura jinin ciwo ne. To, fatawa ta warware sallah, amma ciwon yana nan.

Sau da yawa abin da ke ƙarƙashi shi ne larurar da likitoci ke kira PCOS. Wasu likitocin Amurka biyu, Stein da Leventhal, suka bayyana ta a 1935, kuma kimanin mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na ɗauke da ita, akasarinsu ba su sani ba. Sinadarin maza ne ke yawa a jikin macen, ƙwayayen haihuwarta su fara girma su tsaya ba su nuna ba. Sai haila ta riƙa tsallake watanni, gashi ya fito a haɓa, ƙuraje a fuska, ƙiba ta zo, bayan wuya ya yi baƙi kamar dauɗa alhali ba dauɗa ba ce. Mu 'yan kasuwa mun san gidajen da ake aiko yaro sayen reza a ɓoye, kuma ba don maigida ba.

Me muke cewa a unguwa? Sanyi ne. Sammun kishiya ne. Aljani ne ya aure ta. A sha jiƙe-jiƙe shekara biyar, uwar miji na ƙorafi, daga nan sai takarda ko amarya.

Alhali gwajin ba wuya. A asibitin tarayya na nan Keffi, wato FMC, akwai likitocin mata. Abu uku ake dubawa: rikicewar haila, alamun sinadarin maza, da hoton ciki. In biyu suka tabbata, kuma aka kore wasu cututtukan, an gano ta. Ba ta warkewa ɗungurum, amma ana shawo kanta. Mai ƙiba in ta rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta, sau da yawa haila kan daidaita. Ana ba da Metformin saboda sukari, ga mai neman haihuwa kuma Letrozole ko Clomid, likita na bibiya. Kada a saya a kemis don maƙwabciya ta sha ta dace.

Mun ga sakamako iri biyu. Akwai wadda ta shekara shida ba ɓari, ta fara magani, yanzu tana goyo. Akwai wadda hailarta ta daidaita, gashin ya ragu, haihuwa kuwa har yau tana jiran Allah. Ita ma ba ta yi asara ba, don larurar in an bar ta tana jawo ciwon sukari da hawan jini, kuma daɗewa ba haila na iya cutar da mahaifa.

Saboda haka 'yan'uwa magidanta, kuɗin mota da na kati ba su kai sadakin sabon aure ba. Ku raka su, ku ma a gwada ku, don rashin haihuwa ba daga mace kaɗai yake zuwa ba. Iyaye mata, budurwar da ta shekara biyu ko uku da fara haila amma har yanzu ba ta daidaita ba, a kai ta tun kafin aure. Addu'a muna yi, ba za mu fasa ba, neman magani kuma ai umarnin addini ne. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya azurta masu nema da zuriya ɗayyiba.