Ƙullutu a wuya, ciwo a ɓargo

Kowane makiyayi ya san ɓargo, amma ba kowa ya san a cikinsa ne jiki ke yin jini ba.

Wani makiyayi na ƙasar Tawa ya ga ƙullutu a wuyansa. Ba ya ciwo, sai ya ƙyale shi. Bayan wata 3 ya rame, yana zufa da dare har riga ta jiƙe. A gidan likita aka yanki kaɗan aka duba, aka ce ciwon daji ne na kaluluwa, mai suna limfoma. Lokotoro ya ce sai an san ko ya kai ga ɓargo, don magani yana bin nisan ciwo.

Hanya biyu ce. Ta farko, a soka allura cikin ƙashin ƙugu a ɗebo ɓargo. Amma allura wuri guda take gani. Ta biyu, hoto mai suna PET. Ana yi wa mutum allurar wani sukari mai alama. Ciwon ya fi lafiyayyen nama shan sukari, sai ya fito da haske cikin hoton, ko a wane ƙashi ya ɓuya. A 2014 manyan likitocin duniya suka amince cewa ga irin da ake kira Hojkin, hoton ya wadatar. Sai dai na'urar tana da tsada, ba kowane asibiti ke da ita ba.

Shi makiyayin allura aka yi masa. Ɓargonsa lafiya lau, aka fara magani.

Jama'a, ƙullutun da ya yi wata guda bai baje ba, a kai shi gidan likita, kada a yi masa sakiya. Limfoma tana warkewa sau da yawa in an tare ta da wuri.