Ciwon Inji a Kwalba Yake

A shekarun da na yi ina koyon kanikanci a Kara-Kara da ke Damagaram, kusan duk motar kabu-kabu, janareta da injin ban ruwa da ke unguwar man kwalba suke sha. Ruwa-ruwa ake ce masa. Daga Najeriya yake shigowa ta wajajen Magarya da Matamai, cikin bidoji, a zuzzuba shi a kwalabe a jera bakin hanya. An buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram a Nuwamban 2011, mai iya tace ganga 20,000 a rana, amma talaka bai rabu da kwalba ba, don ta fi gidan mai araha. Shi kuwa man, kafin ya kai tanki ya ratsa hannuwa da yawa, ya kwashi ƙura, tsatsar mazurari, wani lokaci har da ruwa.

Wata rana da sanyin hunturu wani dattijo mai lambu daga Mirya ya sauke mana injin ban ruwa. Ya ce in an ja igiya yana tashi, amma da an saki cok sai ya yi tari ya mutu. An riga an canza masa buji, an ce masa sai an buɗe inji gaba ɗaya. Ga salati da tumatir suna jiran ruwa.

Maigidana bai ko taɓa sifana ba. Ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Injin da ke tashi da cok, ƙishi yake ji." Ya juyo gare ni: "Kai yaro, bi man daga inda ya fito."

Na cire tiyo daga tanki, mai ya zubo ba gardama. Ya sa na tara shi a farar kwalba, muka ajiye a inuwa. Kafin mu sha shayi ruwa ya kwanta a gindi, don ya fi fetur nauyi, ga baƙin gari-gari a ƙarƙashinsa. Sannan na kwance ƙoƙon karbirato. Nan ma ruwa ne, da wani danƙo ja wanda tsohon mai ke bari in inji ya kwana watanni ba aiki, kamar yadda na lambu ke yi duk damina. Ɗan ramin da mai ke bi ya haɗu da iska ya kusa toshewa. Shi ya sa cok ke ceton injin: yana rage iska, sai ɗan man da ke wucewa ya isa.

Dattijon ya miƙo allura. Maigida ya girgiza kai. Ya ce ramin tagulla ne, in allura ta faɗaɗa shi, inji zai riƙa shan mai fiye da kima har abada. Muka wanke da mai mai tsabta, muka hura iska har haske ya ratsa. Aka wanke tanki, aka kakkaɓe matatar iska da ƙurar hunturu ta cika. Ja ɗaya, inji ya ɗauka, aka saki cok bai ko girgiza ba.

A wurin nan na koyi karanta buji. In bakinsa ya yi baƙin toka, mai ya yi yawa, a duba matatar iska ko allurar da ke tsayar da mai a ƙoƙo. In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan. Ruwan ƙasa-ƙasa shi ne lafiya.

Bayan Shugaba Tinubu na Najeriya ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, ruwa-ruwa ya yi tsada, masu kwalabe da yawa suka nemi wata sana'a. Amma ƙura da ruwa ba su san daga wace ƙasa mai ya fito ba. Har yau duk wanda ya kawo mini inji yana cewa ya mutu, nakan fara tambayar sa inda ya sayi mai da kuma yaushe. Sau da yawa kuɗin gyaran bai kai na lita biyu ba.