Ƙasar Tasawa: abin da kuɗɗin agaji ke saye

Wanda ya bar Maraɗi ya kama hanyar Damagaram, in ya wuce Cadawa da Agye da Gazawa, bayan kilomita 120 ko kusa da haka zai shiga Tasawa. Cikin watan Agusta tafiyar tana da daɗin ido. Hatsi ya kai tsawon mutum, wake na yaɗo ƙarƙashinsa, gawo ya kaɗe ganyensa kamar yadda ya saba in damana ta faɗi. Na cikin mota sai ya ce ga ƙasar ƙoshi. Alhali kuwa babu watan da ya fi wannan wuya ga talakka. Rumbu ya daɗe da zama wayam, sabon hatsi bai nuna ba, tiyar kasuwa ta yi tsada, ga sauro ya kawo masassara.

Mai karatu, kafin mu yi zancen kuɗɗi, sai mu fara duban yadda ranar magidanci maras hali take tafiya a ƙauyukan nan. Yana da ƴar gonarsa, ta gado, wadda rabo ya ƙanƙance. Ciyawa ta taso, noma na jiransa. Amma gidan babu abin dakawa. Sai ya saɓa haiwa ya nufi gonar mai hali ya yi barema, da marece a biya shi abin da zai sayi tiya guda ko biyu. Gobe ma haka. Gonarsa ba ta ganinsa sai ranar da ba a ɗauke shi aiki ba, ciyawa kuwa ba ta jira. Da kaka sai ya sami damma kaɗan, cikinsu ya biya bashin da ya ci, watanni kaɗan rumbu ya sake ƙarewa, shi kuma ya kama hanyar Katsina ko Kano cin rani. Ba lalaci ne ya hana shi noma ba. Kwanakinsa ne ya sayar tun da farashinsu bai kai ba.

Nan ne kuɗɗin agaji ke shiga. Abin ya soma ƙarfi a ƙasarmu bayan yunwar 2005, shekarar da buhun hatsi ya kai jika 30 a wasu kasuwanni. A ƙarshen shekarar, ƙungiyar Kurwa Ruj ta Ingila ta raba jika 120 ga kowane gida cikin ƙauyuka da dama na Tanut, maimakon buhunan abinci. A 2008, ƙungiyar Save the Children ta gwada nata a nan ƙasar Tasawa: gidaje 1500 mafiya talauci, jika 60 kowane, kashi uku, cikin tsakiyar wahalar damana, kuma a hannun mata. Da aka bi sawun kuɗɗin, an tarar yawancinsu abinci suka saya, har da abin da tukunyar talakka ta manta da shi a wannan lokaci, wato mai da wake da ɗan nama. An kuma ga abin da ya fi wannan nauyi a ganina: mazan gidajen sun rage barema sun koma gonakinsu. Da hannuwa suka yi ƙaranci, masu hali suka ƙara kuɗin aikin yini, har wanda sunansa bai fito ba ya ɗan amfana. Ba kowane mai babbar gona ya yi murna da wannan ba, kuma ba mu tsammanin haka.

Ma'aikacin gwamnati da ya saba da ƙarshen wata zai iya raina adadin. Shirin tallafi da gwamnati ta kafa a 2011 da kuɗɗin Bankin Duniya, wanda jihar Maraɗi ta shiga cikinsa, jika 10 ya riƙa ba gida a wata, har wata 24, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake jika 30 da ƴan kai. Jika 10 ba ta cika rumbu. Ƙarfinta shi ne an san ranar zuwanta. Mai tebur na ƙauye, wanda da ba ya ba matar talakka ko sabulu bashi, yanzu yana ba ta, don ya san inda za ta samo. Ƴan kasuwa masu karanta wannan shafi sun fi kowa gane haka: amana ba ta bin fuska, tana bin hanyar biya. Matar kuma tana iya shiga asusu. Ƙasar Maraɗi ba baƙuwar wannan ba ce, tun da nan aka haifi ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991. Ranar da kwasa ta zo kanta sai ta sayi jar akuya, akuya ta haihu, ga nono ga yara, ga abin sayarwa ranar da ciwo ya shigo ba tare da an jinginar da gona ba. Binciken da aka yi kan gwajin farko na shirin, a jihohin Tawa da Tilaberi, ya sami wannan ɗin: bayan an daina biya, dabbobi da asusu ne suka rage a gidajen.

Sai dai ƙauye ba takarda ba ne. Masu ba da agaji sun kasa mutane gida huɗu, daga mafi talauci zuwa mai wadata, suna so a nuna musu na ƙasa. Mutanen ƙauye kuwa suna ganin kowa talakka ne, bambancin gidan da aka rubuta da na maƙwabcinsa wataƙila tunkiya ɗaya ce. Masanan cibiyar LASDEL ta Yamai, ƙarƙashin Olivier de Sardan, sun zauna cikin ƙauyuka sun fitar da sakamako a 2014, kuma abin da suka gani ba zai ba ɗan ƙasa mamaki ba. Zargi ya yi yawa: ana cewa maigari ya sa danginsa, ko na jam'iyyarsa. A wasu garuruwa, da motar masu biya ta juya baya, sai a tattara kuɗɗin a sake raba su ga kowa da kowa, don a zauna lafiya. Mata da yawa kuma suna karɓa da hannun dama su miƙa ga maigida, tun da ciyar da gida a wuyansa yake, shi kuma ya mayar musu da ɗan abin kashewa. Baƙon da ya zo da littafinsa yana kiran wannan karkatar da agaji. Wadda ta san maƙwabciyarta ce ta ba ta tsaba bara, ba ta ganinsa haka.

Akwai kuma abin da kuɗɗin ba su iya ba. A gwajin Tasawa na 2008, jikin yara ya murmure bayan kashin farko, daga baya tamowa ta sake tashi lokacin da masassara da zawo suka yawaita. Uwa na da kuɗin magani a bakin zane, amma rijiyar garin ita ce dai ta da, likita kuma na nan inda take, tafiyar rabin yini bisa amalanke cikin rairayi.